Sunan Kawu

Ina 'yar shekara tara Inna ta kai ni wani ofishi a Gyaɗi-Gyaɗi bayan azahar, ta tsaya a waje. Matar da ke sauraron yaran da aka ci zarafinsu ta bar kujerarta, ta zauna kusa da ni a tabarma.

"Wa ya yi miki haka?"

"Kawu."

"Wane Kawun? Ya sunansa?"

Na sunkuyar da kai. A gidanmu yaro ba ya kama sunan babba.

Ta ce, "'Yata, a ɗakin nan faɗin suna ba rashin kunya ba ne."

Na faɗa.

Har yau bikin Sallah ni kaɗai nake yin sa. Ni ce ba a kama sunana a dangi, "yarinyar nan" suke cewa. Shi kuwa yana nan a Kawunsa.