Abin da Ya Danne Tattakin Matan Kiru

Sifili kwamfutar ta nuna. Bushira ta sake lissafin har ta gaji, amma sifilin nan ko gezau.

Binciken digirinta na biyu ke nan. Ta tara matan Kiru masu ƙiba da hawan jini, ta raba su gida biyu: wasu suna tattaki da sassafe a filin makarantar firamare, wasu suna zamansu a gida. Takan ɗauki sunayen masu tattakin, ta bar su suna zagaye, ta ruga ta hau motar Kano. Bayan watanni aka hau sikeli, sai ga masu tattaki da masu zama babu bambanci. In aka tafi a haka, asibitin da ya ba ta matan zai rushe ƙungiyar masu tattakin, ita kuma ta koma neman sabon bincike.

Hankalinta ya tashi ƙwarai. Abu ɗaya ne ya sanyaya mata rai, ko mace ɗaya ba ta taɓa fashi ba. Har Hajiya Kande, wadda ciwon gwiwa ke hana ta zuwa biki, ita ce kan fara isowa. Da Bushira ta ba mahaifiyarta, Inna Furera, wannan labari, sai ta ce ai addu'a ce, ta ci gaba da jiƙa shinkafarta.

Malaminta, Dakta Uzairu, dariya ya yi da ya ga sakamakon.

"Ba kullum sifili ke nufin babu komai ba. Wani lokaci hanyoyi biyu ne, ɗaya tana ragewa, ɗaya tana ƙarawa, sai su danne juna. Je ki nemo abin da ke tsakani."

Ta koma ta tambayi kowace mace abin da take karyawa da shi, ta saka wannan a lissafin. Sai gaskiya ta fito fili. Idan cin abinci ya zo ɗaya, tattaki yana zabge ƙiba sosai. Amma masu tattakin sun fi ci nesa ba kusa ba, kuma cin nan ne ke mayar musu da duk abin da suka zubar. Don murna har tsalle Bushira ta yi a ɗakin karatu.

Asibiti suka ce ƙungiya za ta ci gaba, da sharaɗin a toshe hanyar cin nan. To, masu tattakin duk abu ɗaya suka ambata: waina da miyar taushe. In ta tambayi inda suke samu, sai su dubi juna su ƙyalƙyale da dariya.

Wata safiya ta yi musu sallama kamar za ta tafi Kano, ta laɓe bayan katangar makarantar. Suna gama zagaye suka gyara mayafai suka ɗunguma, Hajiya Kande a gaba, babu alamar ɗingishi. Bushira ta bi su a baya, tana shirya faɗan da za ta yi wa wannan mai waina da ta kusa kashe mata digiri.

Suka sha kwana, suka shige wani zaure, ƙamshin mai ya cika lungun. Bushira ta yi turus, domin daga ciki ta ji muryar da ta tashe ta sallar asuba ɗazu.

"Ku ci ku ƙoshi, kyauta ne," in ji Inna Furera. "Ni dai jibi ma ku fito, kada binciken 'yata ya lalace."