Tuwon Kifin Gidanmu

Jama'ata, sannunku. Ku matso, yau akwai labari.

Kun san tun da teku ta mutu aka raba wa kowane gida kifi ɗaya, a riƙe shi a akwatin gilashi mai ruwan gishiri. In ya mutu, a yanke muku famfo. Namu shuɗi ne, faɗinsa kamar faifai, ba ya cin komai sai gansakukar da ke fitowa a jikin duwatsunsa.

Jiya na dawo na tarar Goggo Dije, sarauniyar tsafta, ta sa soso ta wanke duwatsun tas.

Na ce, "Goggo, tuwonsa fa kika wanke."

Ta ce, "To, kifin nan baƙonmu ne, sai a ce cikin ƙazanta na sauki baƙo?"

Na zaga unguwa kaf neman gansakuka, ko rijiya ɗaya babu mai kore. Na dawo da ƙishirwa, na karkata randar Goggo, wadda take rantsuwa kullum sai ta wanke. Ashe gindin randar kore shar.

Daga bayana ta ce, "Kankare ka ba shi. Amma in wani ya ji, ni ba goggonka ba ce."

Kifi dai ya ƙoshi, famfonmu na zuba. Ku ne, za ku iya yin shiru?