Tabon Kaska a Mujallar Faris

An kira Tanimu baduku gaban kumandan. Bara wani Bafaranshe ya ishe shi da tambaya a Birni, shi kuwa ya shara masa ƙarya cewa tabon kaska a fatar akuya rubutun mutanen da ne. Ya ce a ransa, yau sai kaso.

Tafinta ya ce, "Mutuminka ya rubuta bincike, amma mujallar masana ta Faris ba ta bugawa sai gwani ya tabbatar. Kai kaɗai ka iya karatun."

Aka fassara masa binciken kaf, har sunan marubuci.

Tanimu ya haɗe rai. "Kada a buga."

Tafinta ya ce, "Ƙarya ce?"

"Gaskiya ce tsantsa. Sata ce dai. Ina sunana?"