Ɗari Uku a Minti Ɗaya

Sau uku a mako Injiniya yake zuwa ɗakin wankin ƙoda, kuma bai taɓa fita bai kushe wani inji ba. Shekara talatin ya yi yana gyaran famfo, ga baki kamar reza. Ma'aikatan jinya in sun hango shi sai su haɗa ido, kowace ta kama gabanta.

Ran nan inji na huɗu ya sa wa ido. Sabuwar nas ce a kansa, satinta biyu da kama aiki.

Famfon injin ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yan tayoyi biyu ne ke juyawa suna matse tiyo, kamar mai tatsar man goge baki, kowane juyi ya tura jini gaba. Allon injin ya nuna ɗari uku, wato mililita ɗari uku a minti ɗaya. In jinin da ke wucewa bai kai haka ba, zaman awa huɗu ya tashi a banza. Mara lafiya zai koma gida da dattin da ya zo da shi, kafin jibi ya kumbura suntum.

"'Yata, wannan ɗari ukun ƙarya ce," in ji Injiniya.

"Haba Baba, ga shi fa a rubuce."

"Inji juyi kawai yake ƙirgawa. Bai san ko tiyon ya cika ba."

Ta yi masa irin murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta wuce. Ita dai allo aka koya mata dubawa, allo kuwa lafiya lau, ƙararrawa ma ba ta ce uffan ba.

Injiniya bai motsa daga kujerarsa ba, ya ƙura wa tiyon ido. Duk sa'ad da taya ta wuce, kamata ya yi tiyon ya buɗe ya sake cika. Wannan kuwa sai ya tsaya a matse, da ƙyar yake buɗewa. Famfo yana ja, abin jan ba ya zuwa. Minti arba'in suka tafi a haka. Tsoro ya kama shi, shi da ba a san shi da tsoro ba.

Ya sake kiranta, wannan karon babu tsiya a muryarsa.

"Don Allah manta da allon nan. Dubi tiyon."

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta bi tiyon da yatsa ko ya lanƙwashe a wani wuri, ba ta ga komai ba. Murmushin ya gudu.

"To Baba, daga ina matsalar take?"

"Daga tushe. Bakin allura ne ya manne da jikin jijiya. Juya ta kaɗan, a hankali fa."

Ta sa safar hannu, ta ɗaga filastar da ke hannun Injiniya na hagu, ta juya allurar, jininsa ya cika tiyon taf.