Fuska Ta Tara

Dattijuwar ta ture takardar gefe. "Ba ita ba ce, Malam."

Shekara ashirin yana yi wa littattafan yara zane da tawada a shagonsa na Birnin Kudu, bai taɓa maimaita fuska sau uku ba. Wannan ita ce ta tara. Dattijuwar daga Dingaya take zuwa duk ranar kasuwa. 'Yarta ta rasu bara, wayar da ke da hotunanta kuma ta faɗa rafi. Tana siffanta masa fuskar 'yar, yana zanawa: wushirya, dogon wuya, tabon ƙuna a haɓa.

Ya zargi alƙalami, ya fiƙe sabo. Ya zargi tawada, ya haɗa wata da ƙaro mai kyau. Ya daina karɓar aikin kowa. Da hantsi yake zama, lokacin da hannunsa ya fi natsuwa, ya ja layi ɗaya, ya jira ya bushe.

"Inna, ki yafe mini," ya ce. "Hannuna ne ya gaza. Akwai wani a Kano da ya fi ni."

Ta daɗe tana duban fuskokin da ya jera a kan tabarma.

"Ba hannunka ba ne, ɗan nan. Yanzu in na rufe ido don in gan ta, zanenka nake gani. Wataƙila ma tana cikinsu. Don Allah, kai ka gaya mini, wacce ce?"

Ya bi fuskokin tara da kallo ɗaya bayan ɗaya, shi da bai taɓa ganin 'yar ba.