Wayar da ta zo da ranar Maiduguri

Tunda na ga ka duƙufa kana ta shafar sabuwar wayarka, kana sa wannan kana cire wancan, saurara in ba ka misalin wani ladan.

A wani ƙauye can yamma a ƙasar Kabi, dab da iyaka, an yi wani ladan da ya shekara talatin yana kiran salla. Ba shi da agogo sai sama. Da rana yakan auna inuwarsa da tafin ƙafa, da yamma kuwa ya hau tudun bayan masallaci ya tsaya, sai ya ga ƙwayar rana ta nutse bayan giginyu sa'an nan ya sa yatsa a kunne. Mutanen garin sun saki jiki da shi ƙwarai. In azumi ya zo babu mai wahalar da wuyansa wajen duban sama. Mace na tsugune gaban murhu, manomi na wanke ƙafa a bakin rijiya, da sun ji muryarsa sai kowa ya kai ludayi baki.

Wata shekara azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ran goma ga wata, bayan la'asar, wani direba ya kawo masa saƙo daga ƙanensa mai fataucin busasshen kifi a Maiduguri: waya ce irin ta shafawa. Ƙanen ya yi zumunci, don sai da ya shirya komai kafin ya aiko. Ya ƙara girman rubutu saboda idon yayansa ya fara rauni, ya sa hoton mahaifiyarsu a fuskar wayar, ya kuma sa manhajar lokutan salla, wadda ke nuna alƙibla, ta ƙirga tasbihi, in lokaci ya yi ta yi kira da kanta. Ladan ya zauna a zaure yana jujjuya ta, yana sauraron muryoyin kiran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har ya zaɓi wadda ta kwanta masa a rai. Bai ankara ba hadari ya rufe yamma ruf, aka soma yayyafi, gari ya yi duhu. Yana tunanin santsin tudun nan da ciwon gwiwarsa, sai wayar ta ɗauki kiran magariba. Ya ce a ransa, ai masana ne suka yi wannan lissafi, ina idon tsoho zai ja da su? Ya kurɓi ruwa, ya fita ya rangaɗa kira.

Gari duka ya sha ruwa. An idar da salla ke nan, ana gaisawa a ƙofar masallaci, sai iska ta yaye gefen hadarin, ga rana jawur, da sauran kamu guda tsakaninta da kan giginyu. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya ce ta fara magana, ta ce, "Malam ladan, waccan ta sama wata ne ko rana? Ni dai kununa ya riga ya isa inda za shi." Aka yi 'yar dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya san azumin mutum ɗari uku ne ya zube, har da masu noman da suka wuni suna haɗiyar busasshen yawu. Liman ya ce a kame baki har rana ta faɗi, a sake salla, bayan Idi kuma kowa ya rama guda. Sa'an nan, don ya rufa wa abokinsa asiri, ya ƙara da cewa hadari kan ruɗi kowa.

Ladan ya ga ƙofar da aka buɗe masa. Babu wanda ya san da zancen wayar, in ya yi shiru ya wuce. Amma ya zaro ta daga aljihu ya ɗaga, ya ce, "Jama'a, kada a ɗora wa hadari. Wannan na ji, ban je na duba ba. Ku yafe ni."

Da ya buga wa ƙanensa ya ba shi labari, sai ƙanen ya yi salati, ya ce, "Wayyo Yaya, komai na gyara, garin ne na manta ban canza ba! Ita har yanzu a wurina take zaton tana zaune." Ashe rana takan faɗi a Maiduguri fiye da rabin sa'a kafin ta faɗi a ƙasar Kabi. Wayar ba ta yi ƙarya ba, magaribar wasu ta faɗa. Washegari malamin firamare ya shiga wurin saiti ya goge wancan gari ya sa nasu, aikin da bai kai minti biyu ba, lissafi ya dawo daidai.

Gyaran waya ya yi sauƙi, saura na mutane. Da yamma ladan ya dogara sandarsa ya hau tudu, wayar ta yi kira a aljihunsa daidai lokacin da rana ta nutse, shi ma ya yi nasa. Daga can sama yana hango cikin gidaje, sai ya ga babu wanda ya taɓa ƙwarya. Mata na leƙowa ta kan danga, maza na fitowa ƙofar gida, kowa ya juya fuska yamma, sai da ya tabbatar da idonsa sa'an nan ya koma ya sha. Haka suka yi ta yi har watan ya ƙare. Abin ya sosa masa rai, amma bai ga laifinsu ba, don abin da ya kamata ya yi ran nan ne suke yi. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.