Harshen Egidio

Kofuna uku Tullio ya jera a gaban mahaifinsa, duk jar giya, babu alama a jikin ko ɗaya.

"Baba, ka ce harshenka bai tsufa ba. To ga fili ga mai doki. In ka fitar da ta tsohuwar ganga, makullin rumbun giya naka ne. In ka kuskure, ka miƙo shi ka huta."

Egidio ya yi ajiyar zuciya. Shekara arba'in da ɗaya, a ƙauyen nan na tuddan Asti na ƙasar Italiya ba a ɗura giya a kwalba sai ya ɗanɗana ya ce ta nuna. Gonar inabi tuni ta koma hannun 'ya'ya, makullin nan kaɗai ya rage masa. Kuma ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Matarsa Ornella ta fito tana jan ƙafa, ɗauke da naman zomo da tuwon masara. Ta ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya ta shinshina, wai ko da warin sabulu. Har yau ba ta yarda da wanke-wanken matar ɗanta ba. Ta yanko cuku ta dangwarar a kan tebur.

"Sa wani abu a cikinka, tsoho, kada ta hau maka kai."

Egidio ya kurɓi kowanne a hankali, ido a lumshe, kamar mai sauraron magana daga nesa. Sannan ya ɗauki cukun ya tauna, ya ƙwanƙwasa kofin hagu.

"Wannan ce. Tana sauka kamar man shanu, ba ta karce maƙogwaro. Naman zomo take so a haɗa ta da shi, kada wanda ya ɓata ta da taliya."

Tullio ya duba 'yar takardar da ya rubuta amsar, ya yi tsaki, ya turo wa mahaifinsa makullin da aka ajiye a tsakiyar tebur.

Bayan an watse, Egidio ya tarar da Ornella a kicin ta dafa bango.

"Na ƙarshe ke nan, Egidio," ta ce. "Hancina ya fara mutuwa, yau da ƙyar na gane ta. Ka ba yaron nan makulli tun muna da mutunci."

Bai yi musu ba. Tun da yake bai taɓa iya bambance giya mai kyau da ruwan tsami ba. Kofin da Ornella ta ajiye cuku a gefensa, shi yake zaɓa.